Adashin 'Yan Mata Biyar A Anka

Saura sati biyu ɗaurin auren 'yar gwaggona aka fasa. Farfaɗiya ce ta kayar da ita a gaban ƙannen ango, washegari suka aiko a mayar masu da lefensu. Shi ne Inna ta ce in shirya in je Anka in dubo ta.

Daga Gusau muka bi titin Sakkwato, muka karkata a Mayanci. Tun daga nan motar ta yi tsit, kowa na jan carbi saboda 'yan bindiga, sai la'asar muka shiga garin Sarkin Zamfara.

Na zaci a ƙudundune zan same ta tana kuka. Ina! A tsakar gida na tarar da ita da wasu 'yan mata huɗu suna ƙirga kuɗin adashi. Duk ciwonsu ɗaya, a layin karɓar magani suka san juna. Wadda ƙwayarta ta kusa ƙarewa ita ke kwasa, don Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce bakwai cikin goma na iya daina faɗuwa muddin suna shan magani yadda ya kamata. Suna da doka kuma: ba mai zuwa rijiya ko zama gaban murhu ita kaɗai.

Biyu daga cikinsu 'yan Bagega ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a yankin nan, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare, da 'Yargalma ta Bukkuyum, saboda niƙa dutsen zinari da ake yi cikin gidaje. Yara su yi ta jijjiga har rai ya yi halinsa. Likitocin MSF ne suka kawo ɗauki, ita Bagega ma sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Waɗanda suka rayu su ne yau samari da 'yan mata. Amma fa ba kowace farfaɗiya ce daga dalma ba, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da doguwar naƙuda duk suna jawo ta.

Muna cikin hira ƙaramarsu ta sandare ta faɗi. Wallahi ban san lokacin da na yi tsalle na koma bakin zaure ba, ina tattare zanina kar miyau ya taɓa ni. Su kuwa ko a jikinsu. Ɗaya ta janye turmi, ɗaya ta sa mata ɗankwali a ƙarƙashin kai, da ta lafa suka juya ta ta kwanta a gefe. Ba cokali a baki, ba ɗura ruwa. 'Yar gwaggona ido na kan agogo, in an wuce minti biyar sai asibiti.

Bayan ta farfaɗo ta dube ni ta yi murmushi, "Yaya, mi kika ma gudu? Ba a ɗauka tai ga miyau."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na raka su Gummi ta Daki Takwas, don kai wa wata ƙawarsu da aka aurar can maganin wata guda. Dangin mijinta ba su sani ba, shi kaɗai ya sani. A cikin kwanon cincin aka ɓoye ƙwayoyin, ni aka ba riƙo, na rungume shi a cinyata har muka sauka a tasha.