Kwana bakwai a Timiya, cikin duwatsun Abzin

Idan aka rufe lakwal a ƙarshen watan Yuni, ma'aikacin da Allah ya hore wa ƴan kuɗi yakan aika yara Yamai wurin dangi, ɗan kasuwa kuma ya tafi da nasa Kano ko Kwatano. Da wuya ka ji wanda ya fuskanci arewa. Ni ma haka nake, sai ran da ɗana na fari ya ga kantun gishiri a kasuwar Dole ta Damagaram, ya ce mini: "Baba, wace masana'anta ke yin wannan?" Kunya ta kama ni. Yaron da ya haddace kogunan Faransa bai san hanyar gishirin ƙasarsa ba. Shi ya sa na kwashi uwargida da yara uku cikin watan Agusta, muka nufi Timiya, garin masu ayari.

Daga Damagaram muka bi ta Tanut da Adarbisanat har Agadas, tafiyar kilomita wajen 450. Can muka nemi labarin hanya wurin hukuma, muka yi hayar mota katkat da direba ɗan ƙasa. Tsakanin Agadas da Timiya kilomita 220 ne ko kusa da haka, amma kada lissafi ya ruɗe ku, domin hanyar dutse ce da rairayi. Bayan mun wuce Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza, sai muka iske wata ƙorama ta kawo. Ko ɗigo bai sauka kanmu ba. Can bisa duwatsu aka yi ruwan, ya gangaro da itatuwa da ƙarar da ke kaɗa hanjin mutum. Na ce a gwada ƙetarewa. Direba ya ce: "Mushe, wanda ya yi gardama da ruwan Abzin ba ya komawa gida ya ba da labari." Nan muka kwana bisa tudu, nesa da bakin ƙorama. Da asuba ruwa ya janye, muka wuce.

Timiya tana kwance cikin kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu, ga gidajen laka, ga koren lambuna sun bi bakin ƙorama. Mutanenta Abzinawa ne, Kel Ewe, kuma da wuya ka samu magidancin da bai ji Hausa ba. Dattijon da ya sauke mu ya ce da matata "ƙanwata", ya sa aka dama mana furar gero da cuku da dabino. Ya nuna ƙwaryar ya ce wa yara: cukun na awakin nan ne, dabinon na lambunsa, geron kuwa daga ƙasarku ya zo.

Kashegari aka tashe su tun da sanyin safiya zuwa lambu. Can suka ga tekarkart, wato rijiya mai gwafannin itace da ƙirƙira, inda raƙumi ko sa ke jan wasaki, ruwa ya zube cikin kwararo ya bi fangali-fangali. Yaro ƙarami ke jan akala, ya je ya dawo, daga hantsi har rana ta take. A lambuna da yawa injin ban ruwa ya maye gurbin dabba, musamman wurin masu noman albasa, wadda ake lodawa a kamiyo zuwa kudu har ƙasashen gaɓar teku. Amma inji yana shan mai, mai kuwa daga Agadas yake zuwa da tsadarsa. Ɗana ya karɓi akala, bai cika awa guda ba hannunsa ya yi kanta. Tun daga ranar ban ƙara ganin ya bar tulu a buɗe ba.

Lokacin dabino muka tarar. Lemun zaƙi da aka san Timiya da shi, wanda masu lambun Agadas ke kaiwa baje koli a Yamai, sai da ɗari yake nuna, haka ma alkama da tafarnuwa aikin rani ne. Mun dai ga itatuwan lemu da rumman da inabi, abin da yaran Damagaram ba su sani ba sai a faranti.

Rana ta uku muka taka da ƙafa zuwa mafaɗar ruwan Timiya, ƴan kilomitoci kaɗan daga gari. Ruwa na zubowa daga tsagin dutse zuwa wani tafki mai sanyi, yara suka yi wanka a gefe, mai masaukinmu yana lura da sama ko hadari zai haɗu. Da la'asar ta huɗu muka hau tudun da ke kallon gari, inda sojan Faransa suka gina ƙaramin bariki a farkon shekarun 1950, wanda ake kira da sunan Masu, hafsan da ya zama janar daga baya. Hawan ya sa ni haki, ƴar autata kuwa ta riga kowa kaiwa. Wata rana kuma mota ta kai mu Asode, arewa da Timiya, tsohon birnin fatake da ya zama kufai, ba kowa sai bangayen dutse da ragowar babban masallaci. Na ce wa yara su duba da kyau: gari ne da hanyar ciniki ta raya, da ta kauce masa ya mutu.

Amsar tambayar kantu kuwa da dare muka same ta, a bakin wani tsohon madugu, ana shan shayi. Ya ce wajen watan Oktoba, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina, ayari ke tashi. A ɗaure damman ciyawa, a ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, kwana da kwanaki ba itace ba inuwa, ana tafiya tun safe har tsakar dare. Can a ba da gero a karɓi kantu da beza da dabino. A dawo Abzin a huta kaɗan, sa'an nan a gangara Damargu da Damagaram da Tasawa, wasu har Kano, a sayar da gishiri a sayi gero da tufafi. Rabin shekara ko fiye namiji ba ya gida, mata ke riƙe da awaki da yara. Farin 1973 da na 1984 sun kashe raƙuma, kamiyo ya ƙwace wani kaso na cinikin, matasa da yawa sun tafi haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado cikin 2014, amma ayari bai mutu ba.

Akwai lokacin da Turawa masu yawon buɗe ido ke cika garin nan, maƙeran azurfa da masu ɗinkin fata suna samun na cefane. A 1991 UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya. Tawayen farko ya tsinke wannan ciniki har aka yi sulhun 24 ga Afrilu 1995, na biyu kuma, daga 2007 zuwa 2009, ya ƙarasa shi. Wani maƙeri ya shimfiɗa mana zobba da ƴan kunne, ya ce da ni: "Baƙi na nesa sun daina zuwa, ku na kusa me ya hana ku?" Ban sami abin ce masa ba.

Ga mai niyya, ya nemi labarin tsaro a Agadas kafin ya tashi, ya ɗauki direban da ya san ƙoramu, ya ƙara kwana biyu cikin lissafinsa saboda ruwa, ya riƙi magunguna da takalmin hawan dutse da bargo, domin dare yana da sanyi ko da damina. Kada kuma ya je hannu sake: buhun gero ko sukari da ganyen shayi sun fi kowace godiya.

Mun dawo da buhun dabino da rabin kantu da madugun ya ba ɗana. Yana nan ajiye kusa da littattafansa, kuma da aka koma lakwal shi ya tashi gaban allo ya zana wa ƴan ajinsu hanyar Bilma. Allah shi ba ƙasarmu zaman lafiya, shi kai mu baɗi mu koma lokacin lemu.