Kwana Uku A Bakin Ruwan Wikki

A cikinmu ba a wasa da ranar ɗaurin aure. Akan yi wata da watanni ana shiri, a ɗinka anko, a dafa shinkafa tukunya-tukunya, Zumuntar Mata su raira waƙa har muryarsu ta dushe. Amma da zarar an raka amarya ɗakinta, shi ke nan, ranar ta shige. Magidanta da yawa, in ka tambaye su kwanan watan da aka ɗaura musu aure, sai sun sosa ƙeya tukuna. Ba rashin ƙauna ba ne. Hidimar gida ce takan cinye mata da miji, har su zama kamar shanun huɗa biyu: karkiya ɗaya suke ja, amma ba mai duban fuskar ɗan'uwansa.

A watan Afrilu na 2024 ni da uwargidana muka cika shekara 20 da aure. Shekara guda na yi ina zubin adashi tare da 'yan'uwana malamai domin wannan rana. Sa'ad da na gaya mata za mu tafi Yankari mu biyu kaɗai, sai ta dube ni, ta ce, "Malam, kuɗin makarantar yara fa?" Na nuna mata rasit, na biya tun tuni. Wani maƙwabcinmu kuwa dariya ya yi, ya ce wannan ai aikin Turawa ne. Muka bar yara a hannun ƙanwarta, muka kama hanya cikin hutun Ista.

Daga Jos muka shiga mota zuwa Bauci. Daga nan akan bi hanyar Gombe har Dindima, a bakin Kogin Gongola, sa'an nan a ratse kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar gandun take. A nan ake rubuta suna, a biya kuɗin shiga. Kada mai karatu ya ce an iso, gama daga ƙofa zuwa masaukin baƙi na Wikki akwai sauran tafiya fiye da kilomita 40 a cikin daji. Ba gona, ba ƙauye, sai itatuwa da busasshiyar ciyawa, da zabin daji suna ƙetare hanya a guje.

A shekara ta 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe wannan daji domin namun jeji, aka buɗe shi ga baƙi ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, a 2006 kuma aka mayar da shi ga Jihar Bauci. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Kogin Gaji ne ya ratsa tsakiyarsa. Da rani ya tsananta, tafkuna suka ƙafe, dole dabbobi su gangaro bakin kogin nan su sha. Don haka daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ne aka fi ganinsu.

Masaukin kansa kamar ƙaramin gari yake. Akwai ɗakunan kwana iri iri, kowa da ƙarfin aljihunsa, da ɗakin cin abinci, da wani gidan ajiye kayan tarihi inda za ka ga ƙasusuwan dabbobi, da fatu, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga hannun mafarauta. Waɗanda suka fara yi mana maraba su ne gwaggon birai. Suna yawo a tsakar masauki kamar su ne masu gida, mugun dawa kuma yana kiwo a gefe, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba. Ma'aikaci ya gargaɗe mu kada mu bar ƙofa ko taga a buɗe, kada kuma mu riƙe abinci a hannu a fili. Ba a jima ba muka ga gaskiyarsa, wani ƙato ya fizge ledar burodi daga hannun wata baƙuwa, ya haye rufin ɗaki yana ci yana kallonta.

Da yamma muka shiga ɗakin cin abinci. Aka kawo mana tuwo da miya har teburi. Uwargida ta kasa zama sosai a kujera. Da muka gama sai ta miƙe za ta kwashe kwanuka. Na ce, "Uwargida, zauna, yau ke baƙuwa ce." Ta yi dariya, ta ce tun da ta shiga gidana ba ta tuna ranar da ta zauna aka ajiye mata abinci da zafinsa ba, in ba lokacin jego ba. Maza, ku auna wannan magana.

Abin da ya fi kome suna a wurin shi ne ruwan Wikki. Daga masauki akan gangara ta wata doguwar matakala zuwa cikin kwari mai manyan itatuwa. A can ruwa yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, ya miƙe kamar mita 200, faɗinsa kuwa kamar mita 13. Garau yake, kana hangen farin yashi a ƙasa da 'yan yatsun ƙafarka. Kowace rana yana zuba lita miliyan 21 zuwa Kogin Gaji. Zafinsa awo 31 ne a ma'auni, da rana da dare, da hunturu da bazara. Dalili kuwa shi ne, ruwan sama ne da ya nutse cikin dutse, ya yi nisa a ƙarƙashin ƙasa inda akwai ɗumi, sa'an nan ya sami kafa ya fito. Sanyin Janairu da ranar Afrilu ba su kai can. Kusa da dutsen akwai zurfi, wanda bai iya iyo ba ya tsaya daga ƙasa-ƙasa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. A nan uwargida ta zauna da zanenta, ruwa yana wucewa ta jikinta a hankali.

Kashegari da sassafe muka shiga motar kewaya daji tare da ɗan jagora. Ba a yarda baƙo ya shiga jeji shi kaɗai ba. Muka ga gwambaza a bakin fadama, da mazo, da garken ɓauna daga nesa, da tsuntsaye kala kala, gama an ƙidaya fiye da iri 350 a gandun. Giwa kuwa sai sawunta muka gani, da kashinta, da itatuwan da ta kakkarya. Ɗan jagora ya ce daji ba kasuwa ba ne, ba a yi wa kowa alkawari. Sai a fita ta biyu, da la'asar, muka hango su suna gangarowa kogi a jere, tsohuwar uwa a gaba, 'ya'ya a tsakiya. Garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, masu gadin daji kuwa suna sa ransu a haɗari suna tsaronsa daga masu neman haure. Muka kuma ziyarci kogwannin Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda aka ba da labarinsu a 1980.

Tun a mota mun yi yarjejeniya, a kwana ukun nan ba zancen kuɗi, ba zancen makaranta, ba zancen dangi. Abin mamaki, da muka cire waɗannan sai muka rasa abin faɗi. Daren farko shiru ya fi magana yawa. A dare na biyu muna zaune a bakin ruwa, ƙafafunmu a ciki, sai ta ambaci sunan ɗanmu na biyu, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana da wata takwas. Shekara 15 ke nan, tun da masu gaisuwa suka watse, sunan nan bai fito daga bakin ɗayanmu ba. Ita tana tsoro kada ta tayar mini da miki, ni ma haka. Muka yi zancensa har dare ya raba, yadda yake dariya, da rigar da aka sa masa ranar da aka kai shi sujada. Muka yi kuka, muka yi addu'a, muka hau matakala hannunta a nawa. Irin wannan magana ba ta fita a gidan da yara suke kai da kawowa, baƙo kuma yana sallama a ƙofa.

Ga mai niyyar zuwa, ga 'yar shawara. Ka nemi ɗaki tun da wuri, gama lokacin Kirsimati da Ista da Salla wurin yakan cika. Ka tambayi labarin hanya kafin ka tashi, ka yi tafiyarka da rana. Ku riƙe gidan sauro, da tocila, da ruwan sha, da takalmin da zai jure tafiya. Kada ku ci bashi domin wannan, kada kuma ku taɓa kuɗin makarantar yara. A tara kaɗan kaɗan, da yayyafi kogi kan cika.

Wanda ƙarfinsa bai kai Yankari ba, kada ya karai. Ya nemi masauki mai tsabta a garin da yake kusa, ko na kwana ɗaya ne, inda wani zai dafa, wani ya wanke kwano. Ya ɗauki matarsa ita kaɗai, ya kashe waya, ya zauna ya saurara. In shiru ya zo, kada ya yi hanzarin korarsa, gama a bayansa ne maganar take. Ubangiji ya albarkaci gidajenmu.