Layin allin da na raina

Lokacin da nake SIWES a wani gareji a Kaduna, wani dattijo ya kawo MGB, tsohuwar motar Ingila mai kujera biyu, irin wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980. Baƙin mai na tsiyaya ta gindin distiribita. Oga ya ce, "Ɗan boko, zoben roba ne ya bushe, canza shi. Amma ka ja layi da alli kafin ka cire."

Ni da na ci A a darasin injin? Na yi biris da alli. Na sa sabon zobe, na mayar da distiribita, yoyo ya tsaya. Da aka murza makulli, sai tari da harbi ta salansa: taimin ya goce. Gumi ya karyo mini. Ga mai mota a benci, ga littafin SIWES ɗina oga bai sa hannu ba.

Oga bai yi faɗa ba. Ya sa na daidaita ratar kontak zuwa inci 0.015, na juya injin da hannu har fistan na ɗaya ya hau bugun matsewa, alamar fuli ta tsaya digiri 10 kafin ƙoli. Muka jona ƙaramin kwan fitila, na murza distiribita sannu-sannu har kwan ya kama. Daidai nan kontak ke buɗewa, fulogi ya samu wuta. Muka duba jerin wayoyi: 1-3-4-2. Bugu ɗaya ta tashi.

'Yan aji ɗaya, in kun tafi SIWES, ku ji maganar oga. Ni dai har yau ba na rabuwa da alli a aljihu.