Na Nemi Juji a Bambeye

Wani abokina Ba'adare, da muka daɗe muna hulɗar albasa, shi ya matsa mini sai na je bikin ƙanwarsa a wani ƙauye na ƙasar Bambeye. Daga Sakkwato na bi ta Illela na tsallaka Birnin Ƙonni, muka miƙe arewa ta Badagishiri har Tawa. Washegari muka karkata kudu maso yamma a bayan wata a-kori-kura, mu da buhunan gero. Ƙasa ce ta fako da jan dutse, itatuwa jefi-jefi, har na ce a raina mutanen nan da me suke biki?

Ashe da jama'a suke yi. 'Yan cin rani sun dawo daga Abijan da Legas, dangi sun zo daga ƙauyuka a kan amalanken jaki, aka kwana uku ana kiɗa da guɗa. Amma abin da ya tsaya mini a rai safiyar da aka watse ce. A unguwarmu a Kano, ko makaho ya san gidan da aka yi biki jiya, don ƙafarsa za ta gaya masa: ledar fiya wata, robobin shinkafa, cokulan roba, gwangwanin lemo, duk su tafi su toshe kwata. A nan wata yarinya ta share filin kaf, abin da ta tara bai cika kwando ba.

Mai riƙe da ragamar komai gwaggon amarya ce, tsohuwa mai kaifin ido. Tun saura mako guda ta aika 'yan mata gida-gida aron ƙwarya da akushi da ludayi, kowace ƙwarya da zanen mai ita, kuma ba ta rubuta komai ba amma ta san adadinsu. Hura, kamar yadda suke cewa, a manyan ƙore aka dama ta, ludayi na zagawa. Tuwon gero da miyar kuka mutum biyar ko shida a akushi ɗaya. Ruwa a randuna ƙarƙashin rumfa, kowace da moɗarta. Ita rumfar kanta zana ce ta aro, da biki ya tashi kowa ya ɗauke tasa ya mayar danga, aka naɗe tabarmin kaba.

Sai ragowa, inda na ga gwaninta. Dusar geron da aka surfa da ƙasarin wankinsa sun tafi turken tumaki. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame, almajirai suka sami rabonsu, ƙanzo aka shanya. Fatar rago tana jiran majemi. Ƙwarya biyu sun tsage, aka ajiye wa gyartai. Ɗaya da ta fi ƙarfin ɗinki, sakainarta ta zama mashayar kaji. Tsohuwar ta ga ina leƙe-leƙe a bayan gida.

"Ɗana, mi kaka biɗa?"

"Inna, juji nake nema. Ina kuka kai sharar biki?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "In munka yasda shi, mi za mu ba bisashe? Wanda akuya ta ƙi, gona ba ta ƙin shi."

Gonar kuwa na je na gani. Toka da kashin dabbobi da abin cikin tumbin rago, da ɗan kwandon sharar nan, duk jaki ya kai su wani fako da aka haƙa wa ƙananan ramuka jere-jere. Tassa suke kiransu. Da rani ake haƙawa, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin maimakon ya gudu, sai a shuka gero a ciki. Dabarar ta bazu a Adar ne bayan wasu manoman Illela ta Nijar sun je Yatenga a Burkina Faso a 1989 sun ga yadda ake yi. Kafin nan, tun 1984, aikin Keita da Italiya da hukumar FAO suka tallafa ya nuna wa yankin cewa ana iya tare ruwa da jeren duwatsu a farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Wanda ya sha wannan wahala kafin ya ga zangarniya, ba sai an yi masa wa'azin almubazzaranci ba.

Kada in yi ƙarya, ba aljanna na je ba. Rashi yana da hannu a cikin wannan tattali, kuma leda ta iso. A bakin kasuwar Tawa na gan ta baƙa ƙirin tana lilo a kan ƙaya, duk da dokar da Nijar ta kafa a 2014 ta hana shigo da ita da sayar da ita. Mahauta kuma sun san abin da suke tararwa a cikin tumbin awaki.

Ko a bikin ma ta leƙo, kuma ta dalilina. Abokina, don ya girmama baƙon birni, ya sayo mini ƙunshin fiya wata daga Tawa. Ranar da zan tafi, tsohuwar ta zo da ledojin da na shanye a kan faifai, ta wanke su ta jera.

"Ɗana, ga kayanka. Na jujjuya su, ban ga abin da za su yi muna ba, kuma ina tsoron akuyata."

Na karɓa hannu biyu na cusa a jaka. Sai da na isa Kano ina fitar da kaya na sake cin karo da su, guda tara, a ƙarƙashin kilishin tsaraba.