Tsauni Mai Fuska Biyu

Bahaushe ya saba danganta tudu da sanyi, kuma yana da hujja. Garin Jos yana bisa tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, kuma a bisa ƙiyasi, duk hawan mita 1,000 yakan rage zafin iska da digiri 6.5. Shi ya sa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Yola, can cikin kwarin Binuwai, mutanen Jos ke yini a wajen digiri 30.

Sai dai tsauni fuska biyu gare shi. Na fara lura da haka ne sa'ad da nake tattara kalmomin yanayi daga bakin dattawan ƙauyukan gindin dutse. Kusan dukkansu sun bambanta zafin rana da zafin da duwatsu ke fitarwa bayan magariba, wanda ke hana barci. Dutse yakan sha rana yini guda, sannan ya amayar da zafin da dare.

Akwai kuma sha'anin iska. Idan ta hau tsauni takan yi sanyi ta zubar da ruwanta. Idan ta gangaro ta ɗaya ɓangaren sai nauyin iskar da ke samanta ya matse ta, ta ƙara zafi da kusan digiri 10 a duk mita 1,000, ga ta kuma busasshiya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Kagoro, a kudu maso yammacin tsaunin Filato, ta fi Bauchi samun ruwa.

Inda kwari ya yi zurfi, lamarin kan kai ga halaka. Ƙauyen Lytton na ƙasar Kanada yana tsakanin duwatsu ne, a kwarin kogin Fraser. A ƙarshen watan Yuni na 2021 iska mai nauyi ta danne yankin, duwatsu suka hana zafin fita, har ma'auni ya nuna digiri 49.6 a ranar 29 ga wata, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙasar. Kashegari gobara ta cinye mafi yawan ƙauyen.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Haka ganin tsauni ba shan sanyinsa ba ne. Hasashen yanayi da ake bayarwa da sunan jiha guda yakan haɗa mai tudu da mai kwari a lamba ɗaya, alhali tsoho da jaririn da ke gindin dutse su suka fi jin jiki. A ganina, wajibi ne masu nazarin Hausa mu taskace irin bambance-bambancen da dattawan nan ke yi tun suna raye, domin da kalmominsu ne za a iya yi wa jama'a gargaɗin da zai shiga kunne.