Fanisau, Ƙauyen da Bayi Suka Nome

In ka fita birnin Kano ta arewa, ka wuce filin jirgin sama, ba za ka yi nisa ba sai ga Fanisau, a ƙasar Ungogo. A wannan karkara gona na manne da gona, ba ka ganin daji. Dawa da gero da wake suna tashi a gindin dorawa da gawo.

Tsoron yaƙi ne ya raya garin. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mai da shi ribaɗi domin ya tare Ɗan Tunku mai kawo hari daga arewa. A nan ne Bature Clapperton ya je gaishe shi a 1824.

To, mayaƙa sai da abinci. Saboda haka aka zuba bayi a gandun sarki, su ne suka yi ta noma. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, aiki ya ƙaru. Ba a soke bauta a Arewa da doka ba sai 1936.

Mai karatu, asirin ƙasar nan taki ne. Kakanni sun yi ta ɗauko shi daga birni a kan jakuna, shi ya sa gona ɗaya ta ciyar da uba da ɗa da jika ba ta gaji ba.

Yau birni na matsowa, fuloti na cin gonaki. Kafin magidanci ya sayar da tasa, ya tambayi kansa: ina jikokina za su shuka?