Tabon Kasko

Ranar da muka yaye ledar ɗakin Baba, wari ne ya fara tarbar mu, irin na rumbun da ruwa ya shiga. Ledar ta fi shekara ashirin a shimfiɗe, har jikokin gidan ba su san akwai katako a ƙarƙashinta ba. Yaya ya taka wani wuri kusa da taga, ƙafarsa ta burma har idon sawu. Ya zaro ta, ya kakkaɓe, ya ce, "To ka gani. A ɓamɓare, a zuba siminti, a sa tayil, kowa ya huta."

Gidan yana Sabongari a Ngawundere. Baba ya gina shi a 1976, shekara biyu bayan isowar jirgin ƙasa garin, lokacin yana loda shanu zuwa Yawunde. A can ya ga daɓen katako a gidan wani abokin cinikinsa, ya dawo ya ce sai an yi masa irinsa. Unguwa ta sha dariya. Kakarmu, wadda duk rayuwarta da tsakuwa da makuba take daɓe ɗaki, ta ce ɗanta ya gina wa gara ɗakin cin abinci.

Bayan rasuwarsa na ɗauke Inna zuwa wurina a Garwa, gida ya zama kango. Amma duk wanda ya san zafin Garwa a Maris da Afrilu ya san ba wurin tsohuwar da ta saba da sanyin tudun Adamawa ba ne. Bara ta ce a mayar da ita ɗakinta. Kashi biyu cikin uku na kuɗin gyaran daga aljihun Yaya za su fito, don haka maganarsa ta fi tawa nauyi. Na roƙe shi ya ba ni wata guda da wannan ɗaki ɗaya. Idan na kasa, a kira mai tayil.

Aka haɗa ni da wani tsohon kafinta da ya yi ƙuruciyarsa yana tsaga katako a Belabo. Bai ce uffan ba sai da ya bi ɗakin a durƙushe yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Ya kankare wani wuri da wuƙa, wani launi kamar na zuma ya fito. Ya ce iroko ne, gara ba ta cika son shi ba. Wurin da ya burma kuwa faci ne da wani ya yi daga baya da ayus, farin katakon nan mai laushi da ake yin silin da shi. Sannan ya ja ni waje ya nuna min ramuka huɗu a gindin bango da aka toshe da siminti. Na tuna, mu muka toshe su saboda ɓeraye. Ashe ta nan iska take ratsa ƙarƙashin daɓen. Mun toshe ƙasa, mun rufe sama da leda, a garin da ake kusan wata bakwai ana ruwa. Ya ce, "Ɗana, katakon nan ba tsufa ya yi ba, shaƙe shi kuka yi."

Aka buɗe ramukan, aka sa musu raga. Allo tara ne suka lalace, da katakon giciye biyu na ƙasa.

Kuskuren da ya biyo baya nawa ne ni kaɗai. Cikin Agusta na samu allunan iroko da araha, sabon yanka. Tsoho ya ɗaga ɗaya, ya ji nauyinsa, ya ce ɗanye ne, a jera su a inuwa da 'yan sanduna a tsakani har damina ta wuce. Ni kuwa wata guda aka ba ni. Na matsa masa, ya kafa su yana girgiza kai. Da hunturu ya kama a Janairu, allunan suka bushe suka tsuke, har tsabar sefa ɗari tana faɗawa tsakaninsu. Sai da aka sake ciro su, aka matse, aka ƙara siririn allo a ƙarshe. Na biya kuɗin aiki sau biyu, ban kuma gaya wa Yaya ba. Wa'adin kuwa tuni ya wuce. Rufi da bayan gida sun ɗauke masa hankali, ni ma ban tuna masa ba.

Gogewa ita ce wahalar. Sai an fara dulmiya kan kowace ƙusa, in ba haka ba ta yaga samfefa. Aka fara da mai kaushi lamba 40, sannan 80, sannan 120, kullum ana bin tsawon allo. Da ƙaramin injin hannu muka yi, in an ɗauke wuta mu naɗe takardar a guntun katako mu ci gaba. Ƙurar iroko mugu ce: na yi kwana uku ina atishawa, wuyana yana ƙaiƙayi. Garin da ya fita tsoho bai bari an zubar ba, ya kwaɓa shi da gam ya cike tsage-tsage.

A rana ta huɗu muka iso bakin ƙofa, inda wani baƙin da'ira yake, faɗin faranti. Tsoho ya goga, ya goga, bai fita ba. Ya ce ƙuna ce ta shiga ciki, sai dai a ciro allon a kifa shi.

Na san tabon. Ina ɗan shekara bakwai, wata safiyar sanyi, na ɗauko kaskon wutar Inna na shigo da shi nan don in gasa gyaɗa, na manta shi. Da Baba ya dawo ya tambayi wanda ya yi, na yi shiru. Yaya ya ce shi ne. Ina laɓe bayan randa ina jin dukan. Shekara arba'in ke nan, ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Na ɗauki hoton tabon na aika masa ta WhatsApp, na rubuta cewa kafinta yana tambaya ko a kifa allon. Bai amsa ba. Bayan la'asar sai ga shi a kan babur. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, abin da bai yi ba ranar da muka yaye leda. Ya tsaya yana kallon daɓen, sannan ya sa babban yatsan ƙafa ya shafa tabon.

"Gyaɗar ma ƙonewa ta yi," ya ce.

"Yaya, ka yafe min."

"Kai dai ka cika surutu." Ya juya ga tsoho. "Baba, a bar shi yadda yake. Fenti nawa za a shafa?"

Tsoho ya ce ba fenti ba, banish ne, shafi uku, kuma sai an goge maiƙon katakon tukuna, don iroko yana hana shi bushewa da wuri. Yaya ya zaro kuɗin galan biyu ya miƙa masa.

Inna ta tare cikin Maris. Ta shiga da bismilla, ta taka ko'ina a hankali, ta ce yana da santsi, za ta faɗi. Washegari ta aiki jikanta kasuwa ya sayo tabarmar roba, ta shimfiɗe fiye da rabin ɗakin.